Yadda Ake Haɗa Rimot Mara Waya da HT12E da HT12D, Mataki-Mataki

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga masu karatu, sai dai kowa da irin lafazinsa: "Na haɗa komai yadda zanen ya nuna, amma ko ƙiftawa ƙwan bai yi ba, ina matsalar take?" Idan na bi diddigi, kusan kullum labarin iri ɗaya ne. Mutum ya soka inkoda HT12E da dikoda HT12D, wato aisi (IC) mai ƙulla saƙo da mai kwance shi, da allunan rediyo da rile (makunnin da wutar lantarki ke motsawa) duka a zama ɗaya, sannan ya ba su wuta. Da abin ya ƙi tashi, sai ga wurare goma da laifin zai iya ɓuya, ba shi kuma da hanyar sanin wanne ne. Tsarin da zan bi a nan shi ne wanda nake bi da hannuna: ba a saka rediyo sai aisin nan biyu sun fahimci juna ta waya, ba a kuma saka rile sai rediyon ya zauna.

Abin da za mu gina rimot ne mai madanni huɗu, kowane madanni yana tayar da rile ɗaya a can wurin mai karɓa. Dalilin shigo da inkoda da dikoda kuwa gajere ne. Ɗan allon karɓa na rediyo, idan babu mai aiko masa da komai, hayaniyar iska yake ta fitarwa, don haka in ka ɗaura masa rile kai tsaye sai ya yi ta kaɗawa kamar mai jin sanyi. Inkoda yana ƙulla saƙon da lambar adireshi, dikoda kuma ba ya motsi sai ya ga ƙullin da ya dace da nasa.

Mataki na 1: Zaɓi dangin aisi ɗaya, ka tsaya a kansa

Dangi uku ne za ka fi cin karo da su. Na farko HT12E da HT12D na kamfanin Holtek da ke Taiwan: ƙafa takwas na adireshi, huɗu na saƙo, adireshi 256. Na biyu PT2262 da PT2272 na Princeton Technology, shi ma a Taiwan, tare da kwaikwayonsu irin su SC2262. Na uku EV1527, wanda adireshinsa a rubuce yake a ciki tun daga masana'anta, ɗaya daga cikin 1,048,576, kuma ba shi da dikoda na musamman, sai allon karɓa mai koyon lamba.

Ga mai koyo, HT12 nake zaɓa, don kana ganin komai da idonka kuma yana aiki daga bolt 2.4 har 12.

Gargaɗi: dangin nan ba sa jin yaren juna. HT12E ba zai taɓa tayar da PT2272 ba, ko da adireshi ya yi kama. Ka kuma duba harafin ƙarshe da kyau lokacin saye. HT12A na rimot mai hasken infrared ne irin na talabijin, HT12F kuwa dikoda ne da ba shi da ƙafafun saƙo ko ɗaya.

Mataki na 2: Tara kaya

Na ɓangaren rimot: HT12E, allon aikawa na 433 MHz irin FS1000A, resista 1M ko 1.1M, madanni huɗu, diyod 1N4148 huɗu, kafasita 100nF mai lamba 104 a jiki, da gidan batir AA uku.

Na ɓangaren karɓa: HT12D, allon karɓa na zango ɗaya da mai aikawa, resista 51k ko 47k, ƙwan LED biyar da resista 2.2k biyar, 7805 mai sauke wuta zuwa bolt 5, kafasita 100nF uku da 100µF ɗaya, taransista BC547, aisi CD4001, aisi ULN2003, rile huɗu masu bolt 12, da adafta mai bolt 12. Ka ƙara resista 10k da 22k, da resista mai juyawa ta 100k saboda gwaji. Kayan hannu kuwa allon gwaji biyu, mitar auna wuta, siraran wayoyi, ƙarfen narka dalma, da kujerun aisi masu ƙafa 18.

Game da kuɗi, aisin da resistoci ba su ne ke cin aljihu ba. Rile da adafta da akwati ne suka fi tsada. Idan akwai wuri ɗaya da ya cancanci ka ƙara wani abu, to allon karɓa ne. Mai arhar nan, XY-MK-5V, yana aiki, amma kunnensa a buɗe yake ga kowace hayaniya. Irin RXB6, mai ɗauke da kiristal, ya fi shi tsada kaɗan, ya kuma fi shi nisa da natsuwa nesa ba kusa ba. Ka sayi HT12D biyu, don shi ne ake yawan ƙonawa a gwajin farko.

Gargaɗi: allunan 315 MHz da na 433 MHz kamarsu ɗaya sak. A kan mai aikawa akwai ɗan gwangwani mai sheƙi da aka rubuta R433 ko R315, shi za ka duba. Zangon 433.92 ne aka fi amfani da shi a Turai da Afirka, 315 kuma a Amurka, kowace ƙasa da ƙa'idarta a kan ƙarfin da aka yarda a watsa.

Mataki na 3: San ƙafafun kafin ka soka

Duka biyun ƙafa 18 gare su. Ka ajiye aisin tsagar kansa tana sama. Ƙafa ta 1 ita ce ta saman hagu, ka sauka zuwa ta 9, ka tsallaka dama ka hau daga 10 zuwa 18.

A duka biyun, 1 zuwa 8 adireshi ne, 9 nagatif, 18 fozitif, 15 da 16 wurin resistar agogo. A inkoda, 10 zuwa 13 mashigar madannai ce, 14 ita ce TE mai ba da izinin aikawa, 17 mafitar saƙo. A dikoda, 10 zuwa 13 mafita ce, 14 mashigar saƙo, 17 kuma VT, wadda take ɗagawa sama duk lokacin da ingantaccen saƙo yake shigowa. Ka riƙe VT ɗin nan da kyau, ita ce za ta zama idonka a duk sauran aikin.

Gargaɗi: juya aisi kai ƙasa yana sa fozitif ya faɗa inda nagatif yake. Daƙiƙa kaɗan sun isa ya yi zafi ya mutu.

Mataki na 4: Haɗa inkoda

A yanzu ka manta da batir, ka ba allon gwajin bolt 5 daga 7805. Ƙafa ta 18 zuwa fozitif, ta 9 zuwa nagatif, kafasita 100nF tsakaninsu dab da jikin aisin. Resista 1M tsakanin 15 da 16. Ƙafa ta 14 ka kai ta nagatif kai tsaye, don ya riƙa aikawa ba tsayawa. Za mu canza wannan daga baya. Kowane madanni, gefe ɗaya a ƙafar saƙo, ɗaya gefen a nagatif. Ƙafafun adireshi takwas ka bar su a sake tukuna.

Gargaɗi: 1M launinta ruwan ƙasa, baƙi, kore. Wadda ta ƙare da rawaya 100k ce, kuma a ƙarƙashin fitila mara ƙarfi ido yana ruɗa su. Auna da mita ya fi dogara da launi.

Mataki na 5: Haɗa dikoda

Wuta da kafasita kamar na inkoda. Resista 51k tsakanin 15 da 16, adireshi a sake. A ƙafa ta 17 ka sa resista 2.2k, sai LED, doguwar ƙafarsa ta fuskanci aisin, gajerar ta tafi nagatif. Ƙwayayen mafita huɗu kuwa akasin haka za a yi musu: doguwar ƙafa a fozitif, gajerar ta bi ta resista 2.2k zuwa ƙafa ta 10, 11, 12 ko 13.

Dalilin juyawar shi ne, a HT12E ƙafar da aka bari a sake ana karanta ta a matsayin 1, wadda aka danna zuwa nagatif kuma 0. Wato dannawa sauke mafita take yi, ba ɗaga ta ba. Wannan ɗan bayani ne, amma rashin saninsa ya sa mutane da yawa sun zaci aisinsu na jabu ne.

Gargaɗi: ƙafafun HT12D ba su da ƙarfi, abin da suke iya bayarwa bai wuce miliamfa ɗaya zuwa biyu ba. Shi ya sa na ce 2.2k, hasken zai yi laushi amma za a gan shi. Kada ka yi tunanin rataya musu rile ko mota kai tsaye.

Mataki na 6: Gwaji ta waya

Nan ne zuciyar aikin, kada ka tsallake shi komai gaggawarka.

Da farko ba dikoda wuta shi kaɗai. Ƙwayaye huɗu za su kama, na VT ya zauna a mace. Daidai ne, don mafitar HT12D a ƙasa take farawa idan aka kunna shi. Yanzu ja waya ɗaya daga ƙafa ta 17 ta inkoda zuwa ta 14 ta dikoda, ka tabbatar nagatif ɗin allunan biyu a haɗe yake. Nan take ƙwan VT ya kamata ya kama, huɗun nan su mutu. Danna madannin ƙafa ta 10, ƙwan ƙafa ta 10 ya amsa, haka har na huɗu.

Idan VT bai kama ba, abu uku ne, kuma a wannan jerin nake bin su. Na ɗaya, nagatif ba a haɗe ba. Na biyu, wata ƙafar adireshi ta taɓa wani abu a gefe ɗaya. Na uku, wanda ya fi yawa, agogon biyu ba su daidaita ba.

Ga yadda lissafin agogon yake. Kowane aisi yana da bugun cikinsa, resistar da ke tsakanin 15 da 16 ce ke tsayar da saurinsa. Ƙa'idar Holtek ita ce bugun dikoda ya ninka na inkoda kusan sau 50. A bolt 5, resista 1.1M tana ba inkoda kusan bugu 3,000 a daƙiƙa, 51k kuma tana ba dikoda kusan 150,000. Akwai sassauci a tsakani, shi ya sa 1M da 47k suke tafiya tare, haka ma 750k da 33k. Abin da ba ya tafiya shi ne ka ɗauko ta inkoda daga wannan zanen, ta dikoda daga wancan. Na taɓa kwana biyu ina zargin allon rediyo, ashe 750k na sa a rimot na bar 51k a mai karɓa. Yana kamawa yana saki, kamar mai magana da kurma ta bayan katanga.

In kana son ka san inda ka tsaya, cire resistar dikoda, ka sa 22k a jere da mai juyawa ta 100k. Juya a hankali har VT ya kama, ka yi alama. Ci gaba har ya mutu, ka sake alama. Ka dawo tsakiya, ka cire, ka auna, ka sa tsayayyar resista mafi kusa da abin da mita ta nuna. Zama a tsakiya shi ke sa rimot ya ci gaba da aiki idan batir ya fara sanyi ko zafin yanayi ya canza.

Ka kuma gwada adireshi tun a nan. Kai ƙafa ta 1 ta inkoda zuwa nagatif, VT ya mutu. Yi haka a dikoda, ya dawo.

Gargaɗi: wannan gwajin na waya sai duka biyun suna kan bolt ɗaya. Kada ka tura mafitar inkoda mai bolt 12 cikin dikoda mai bolt 5.

Mataki na 7: Cire wayar, saka rediyo

Inda wayar nan ta fita, nan rediyo zai shiga, ba wani abu da zai canza. Ƙafa ta 17 ta inkoda zuwa DATA na allon aikawa. A kan FS1000A sau da yawa za ka ga an buga ATAD, rubutun ne aka juya, ita ce. DATA na allon karɓa zuwa ƙafa ta 14 ta dikoda. A XY-MK-5V ƙafafu biyu na tsakiya duka DATA ne, a haɗe suke, ɗauki wadda ta fi maka kusa. Sa 100nF da 100µF a kan ƙafafun wutar allon karɓa, dab da shi.

Eriya ba ado ba ce. Waya mai jijiya ɗaya, miƙaƙƙiya, tsawon santimita 17.3 ga 433 MHz, ko 23.8 ga 315 MHz. Rubu'in tsawon igiyar rediyon ke nan. Ka manna ta da dalma a ramin da aka rubuta ANT, a allunan biyu. Babu eriya, ɗaki ɗaya ma da ƙyar ya ƙetare. Ka tsayar da su duka a tsaye, don idan ɗaya tana tsaye ɗaya a kwance nisan yana raguwa ƙwarai.

Raba allunan da kamar mita ɗaya ko biyu, kowa da wutarsa, ka kunna. Dikoda sai ya ga saƙo iri ɗaya sau uku a jere kafin ya yarda, amma a wannan saurin duk abin bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba, ido ba zai lura ba. Idan VT ya ƙi yanzu, ka san laifin yana tsakanin allunan rediyo da eriya da wutarsu, don sauran ka riga ka wanke su.

Gargaɗi: allon karɓa mai arha bolt 5 yake so cif, ƙari ko ragi kaɗan yana kawar da shi daga zango. Akwai kuma ɗan naɗi a tsakiyarsa da aka toshe da kaki ko fenti. Hannu yana ƙaiƙayin juya shi, ka bar shi, don ba ka da abin da za ka mayar da shi daidai.

Mataki na 8: Sa rimot ya yi barci

Da TE a nagatif, rimot ɗinka watsawa yake dare da rana. Batir zai ƙare cikin kwanaki, sannan yana toshe zangon ga duk wani rimot da ke kusa, har da makullin motar maƙwabci. Cire wayar da ke kan ƙafa ta 14. Ɗauko diyod huɗu, ka haɗa gefensu mara zobe wuri ɗaya a ƙafa ta 14, gefen mai zobe kuma kowanne ya tafi ƙafar saƙo ɗaya, inda madanni yake. Yanzu duk madannin da aka danna yana sauke ƙafarsa, yana kuma jan TE ƙasa ta diyod ɗinsa, ba tare da ya taɓa 'yan uwansa ba. Da an saki, aisin ya ƙarasa zagayen da yake ciki ya kwanta, abin da yake sha a barci kuwa kamar kashi ɗaya cikin miliyan na amfa ne, kusan babu.

Batir AA uku suna ba da bolt 4.5, kusa da 5 ɗin da ka yi gwaji da shi, saboda haka resistoci ba sa buƙatar canji. Idan nisa kake nema ka koma ɗan batir mai lamba 23A, mai bolt 12, to saurin agogon inkoda zai ƙaru, sai ka sake neman tsakiya da resista mai juyawa, wannan karon ta rediyo.

Gargaɗi: kada ka sa 7805 a cikin rimot. Shi kaɗai yana shan kusan miliamfa 5 ko ba a danna komai ba. Idan kuma batir mai bolt 3 za ka yi amfani da shi, ragowar bolt 0.6 da 1N4148 ke bari ta yi yawa ga TE. Ka sa BAT85 ko 1N5819.

Mataki na 9: Gyara halin mafita kafin rile

HT12D yana da halaye uku da za su ba ka kunya idan ka ɗora rile haka nan. Dannawa sauke ƙafa take yi. Da an kawo wuta duka huɗun a ƙasa suke, wato in ka gina abin da ke tashi da ƙasa, duk rile za su kama da kansu bayan kowace ɗaukewar wuta. Na uku kuma riƙo: mafitar tana zama a kan saƙon ƙarshe da ta karɓa ko da rimot ya yi shiru. Ka yi tunanin motar wasan yara da ta fita daga nisan rimot alhali umarnin ƙarshe "gaba" ne. Sai bango ya tsayar da ita.

Aisi ɗaya yana maganin ukun, CD4001. Ƙofofi huɗu ne a cikinsa, kowace tana ɗaga mafitarta ne kawai idan mashigarta biyu duk suna ƙasa. Da farko juya VT, samansa ya koma ƙasa, da taransista BC547 mai ƙafa uku, bes da emita da kolekta: ƙafa ta 17 ta dikoda ta bi 22k zuwa bes, emita a nagatif, kolekta ta bi 10k zuwa bolt 5. Daga kolektan ka ja waya zuwa ƙafa ta 2, 6, 9 da 13 na CD4001. Mafitar dikoda huɗu su shiga ƙafa ta 1, 5, 8 da 12. Sakamakon yana fitowa a 3, 4, 10 da 11. Wutarsa 14 fozitif, 7 nagatif. Yanzu mafita ba ta ɗagawa sai an danna madanni kuma saƙo yana shigowa a wannan lokacin. Da ɗayan ya gushe, ta sauka.

Daga nan zuwa ULN2003, aisin da ke jan rile: mashigarsa 1 zuwa 4, mafita a daura da su, 16 zuwa 13, ƙafa ta 8 nagatif. Naɗin kowane rile, gefe ɗaya a bolt 12, ɗaya a mafitar. Ƙafa ta 9 ka kai ta bolt 12, don ita ce ke sa diyod ɗin cikinsa su shanye tartsatsin da naɗi ke mayarwa idan an yanke masa wuta. Na zaɓi rile masu bolt 12 da gangan: suna sha daga adafta kai tsaye, 7805 kuma ya zauna da rediyo da aisi kawai, girgizar rile ba ta isa kunnen mai karɓa.

Idan fitila kake son kunnawa, danna ɗaya ta kama, danna biyu ta mutu, sai ka sa CD4013 tsakanin CD4001 da ULN2003. Ɗaya yana ɗaukar layi biyu. A rabin farko, ƙafa ta 2 ta koma ta 5, bugun ya shiga ta 3, mafita a ta 1, ta 4 da ta 6 a nagatif. Sai dai ka sani, a ƙarshen nisa inda saƙo ke yankewa, danna ɗaya kan iya zama biyu.

Gargaɗi: 74HC02 aikinsa ɗaya da CD4001 amma jerin ƙafafunsa dabam ne, kada ka musanya ba tare da duba takardar kamfani ba. Haka BC547 da 2N2222 mai baƙin jiki, kolekta da emitansu a juye suke da juna. Wutar gida kuma kashewa take yi: duk gwajin nan da ƙaramin ƙwai mai bolt 12 za a yi shi, kuma in ba ka saba da babban layi ba, ka ba wanda ya sani ya haɗa wannan gefen.

Mataki na 10: Adireshi, dalma da akwati

Kusan kowa yana barin adireshi a sake duka ko ya kai su nagatif duka, saboda haka waɗannan biyun su ne suka fi karo da na wasu. Zaɓi wani tsari, misali ƙafa ta 2, 3 da 7 a nagatif sauran a sake, ka yi shi iri ɗaya a ɓangarorin biyu, ka rubuta a cikin murfi. Jerin ƙananan makunnai takwas yana da daɗi in za ka riƙa canzawa, har rimot ɗaya ya sarrafa masu karɓa da yawa, amma ga abin da zai zauna shekaru ɗigon dalma ya fi aminci.

Ka manna kujerar aisi tukuna, sai ta huce ka zaunar da shi. Ƙafafun resistar agogo su zama gajeru. Ka goge ragowar man dalma da ke kusa da 1M da ƙafafun da ke sake, don datti mai laima a nan yana iya canza saurin agogo ko ya sauya adireshi. Allon karɓa ya yi nesa da rile da adafta gwargwadon iko. In mota za ka tuƙa, sa 100nF a kan ƙafafunta biyu.

Gargaɗi: akwatin ƙarfe yana haɗiye saƙo. Ko dai na roba, ko eriya ta leƙo waje ba tare da ta taɓa ƙarfen ba.

Mataki na 11: Idan PT2262 da PT2272 ne a hannunka

Jerin matakan bai canza ba, bambancin kaɗan ne. Kowace ƙafar adireshi hali uku gare ta, fozitif ko nagatif ko a sake, don haka ƙafa takwas suna ba da 6,561. Dannawa ɗaga mafita take yi. Halin mafitar a sunan dikoda yake: M4 yana saki da an saki madanni, L4 yana riƙewa; da M4 ba ka buƙatar CD4001 sam. Resistocin da aka saba haɗawa su ne 4.7M da 820k, ko 3.3M da 680k, ko 1.2M da 200k, babbar a inkoda. Ƙananan rimot na rataya a makulli da ake sayarwa a haɗe, da yawansu wannan dangin ne ko EV1527. Buɗe bayansa ka karanta kafin ka sayi dikoda.

Gargaɗi: duk waɗanda na ambata lambarsu tsayayya ce, abin da suka faɗa yau shi za su faɗa gobe, kuma akwai rimot masu kwafa da ke ɗauke ta cikin daƙiƙoƙi. Sun isa ga fitila da fanka da famfon ruwa da abin wasa. Ƙofar gida ko mota sai mai lamba mai sauyawa, irin HCS301 na kamfanin Microchip.

Mataki na 12: Auna nisa

Ajiye mai karɓa a inda zai zauna na dindindin, da adaftar da zai rayu da ita, ba a kan teburin aiki ba. Sa wani ya tsaya yana kallon ƙwan VT, kai kuma ka riƙa ja da baya kana dannawa. Inda ƙwan ya fara rawa, nan ne iyaka, nisan da za ka dogara da shi kuwa ya gaza haka. Lambobin da masu sayarwa ke rubutawa na fili ne da babu katanga.

Idan nisan ya ba ka haushi, kafin ka taɓa eriya ka cire adaftar ka ba mai karɓa batir. In ya ƙaru, adaftar ce mai hayaniya, kuma ƙananan cajojin waya marasa nauyi sun yi suna a wannan. Kashe fitilun LED da ke kusa ka sake gwadawa, su ma wasunsu haka suke. Idan yana aiki har sai rile ya kama sannan VT ya fara ƙiftawa, wutar ce ke faɗuwa, ƙara 470µF a gefen bolt 12. Idan kuwa ya yi wata da watanni lafiya sannan ya fara sai an matso, auna batirin rimot alhali kana danne da madanni, don batir mai sanyi yakan nuna cikakken bolt muddin ba a ɗora masa kaya ba.